Yadda ake haɗa gasar sinuka a unguwa, a buga da gaskiya, a tashi lafiya

Tun bayan ƙaramar Sallah saƙonni suke shigo mini daga unguwannin yankin Akkra, Nima, Mamobi, Madina har Ashaiman, kuma tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, yaya kuke haɗa gasar sinuka ta mutum 16 a gama ba a ci kwalar juna ba?" Wani ya ce tasu gasar ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe, mai tebur ya kwashe ƙwallayensa ya kulle, har yau kuɗin kyauta na hannun mutum ɗaya ba a san yadda za a raba ba. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na jera matakan a nan.

Abin da muke kira sinuka a bes-bes ɗinmu, wato majalisun da matasa ke zama, ainihin sunansa pul: ƙwallaye 15 da fara, wadda ita ake bugawa da sanda. Sinuka ta gaske ƙwallaye 22 take da su, a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Zan ci gaba da cewa sinuka tunda da shi muka saba.

A rigingimun da na raba, kaɗan ne aka samu macuci na gaske a ciki. Yawanci mutum biyu ne masu gaskiya, kowa na bin dokar teburin da ya koyi wasa a kai. Don haka yawancin aikin kafin a fasa ƙwallon farko, wato bugun da ke watsa jerin ƙwallaye, ake yin sa.

1. Zaɓi doka ɗaya, ka rubuta ta

Mako guda kafin ranar za ka yi wannan. Doka uku ne suke yawo a teburan Akkra, kuma ba sa haɗuwa.

Akwai dokar hukumar pul ta duniya, WPA, ta wasan baƙa mai lamba 8: ƙanana daga 1 zuwa 7, manya masu zane daga 9 zuwa 15, kowa ya gama nasa sannan ya saka baƙa. Idan ka yi fawul, abokin karawarka zai ɗauki fara ya ajiye duk inda ya ga dama a tebur. Akwai dokar jajaye da rawaya da ta zo daga Ingila, wadda fawul ke ba abokin karawa bugu ɗaya kyauta, ya buga daga inda fara take ko ya mayar da ita bayan layin da ke wajen fasawa. Sai kuma dokar unguwa ta "bugu biyu", wadda kowane bes ya yi mata kwaskwarima yadda ta yi masa.

Ni ta WPA nake zaɓa ko da teburin ƙarami ne, don a rubuce take, kowa zai iya buɗe wayarsa ya karanta. Amma ko wacce ka ɗauka, sai takardarka ta amsa waɗannan tambayoyin, domin a kansu ake faɗa:

- Baƙa ta faɗa rami wajen fasawa, an ci ne ko an faɗi? A WPA ba ko ɗaya. Mai fasawa zai zaɓa, ko a mayar da baƙa mazauninta ya ci gaba, ko a sake jeri ya sake fasawa.
- Kana kan baƙa, fara ta faɗa rami amma baƙa na kan tebur? A WPA fawul ne kawai, gem, wato wasan jeri ɗaya, bai ƙare ba. A bes da yawa cewa ake ka faɗi.
- Baƙa da fara sun faɗa tare? Ka faɗi gem. Haka idan baƙa ta shiga ramin da ba ka kira ba, ko ta shiga kafin ka gama naka, ko ta tsallake tebur ta faɗi ƙasa.
- Bayan fara ta taɓa ƙwallonka, dole wata ƙwallo ta shiga rami ko ta taɓa kushin, wato robar gefen tebur. In ba haka ba fawul ne. Wannan ita ta fi kama 'yan unguwa, don mun saba da ɗan taɓa ƙwallo a ɓoye fara.
- Hannu, riga ko sarƙar wuya ta taɓa ƙwallo, fawul ne? A WPA e.
- An yarda a sa fara ta yi tsalle? A dokar jajaye da rawaya haramun ne. A WPA an yarda idan daga sama ka danna ta. Zura kan sanda ƙarƙashinta a kwashe ta kamar cokali ba ya cikin halattaccen bugu.

Shafi ɗaya ya isa. Buga kwafi biyu, manna ɗaya a bango kusa da tebur, ka ɗauki hotonta ka tura gurup.

Hattara: da zarar an fasa ƙwallon farko, doka ta kulle. Ko ka gano wata ba ta yi maka daɗi ba, ka bari sai gasa ta gaba. Ranar da ka sauya doka a zagaye na biyu, duk wanda ya fita a zagaye na farko yana da haƙƙin ya ce an zalunce shi.

2. Kuɗi: daga ina, zuwa ina

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta kuɗin shiga, abin da za a kashe da abin da kowane matsayi zai samu, tun kafin mutum na farko ya biya.

Ga misalin lissafi. A ce mutum 16 ne, kowa sidi 30, an tara 480. Daga ciki za a fitar da hayar tebur, alli, ruwan leda, bugun takarda da ɗan abin da za a ba alƙali. Farashi na sauyawa wata zuwa wata, don haka ka je da ƙafarka ka tambaya, ka rubuta abin da aka gaya maka. A karɓi kuɗi ta lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, guda ɗaya, a rufe rajista daren jajibiri. Wanda ya ce "zan ba ka in na zo" bai yi rajista ba.

Akwai maganar da ba na so a tsallake. Malamai da yawa suna ganin idan 'yan wasa ne suka haɗa kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, to an shiga hurumin caca. Shi ya sa muke raba abin biyu: kuɗin shiga na hidimar gasa ne kawai, kyauta kuma ta fito daga aljihun wanda ba ya bugawa, wani Alhaji mai shago ko ƙungiyar matasan unguwa. Wannan ya sa iyaye suka daina hana 'ya'yansu zuwa. Idan an samu kyautar, rabon da muke yi shi ne rabi ga na ɗaya, kashi 30 cikin 100 ga na biyu, sauran kashi 20 a raba wa mutum biyun da suka fita a kusa da na ƙarshe.

Hattara: a hana caca ta gefe, ta 'yan wasa da ta 'yan kallo. Mutumin da ya ɗora sidi 200 a kan wani ba ɗan kallo ba ne kuma, mai kare dukiyarsa ne, shi zai fara ihun fawul. Daga nan ne kuma ake fara sayar da wasa. Ko manyan ƙwararru abin ya ci su: a 2013 an dakatar da Stephen Lee na Ingila shekara 12 saboda haɗa baki a sakamakon wasannin sinuka, a 2023 kuma aka hukunta 'yan wasan Sin su 10, biyu daga ciki har abada.

3. Duba tebur da kaya

Je wurin mai tebur da safe, lokacin da babu kowa. Ɗora fara a gefe ɗaya, tura ta a hankali ta ratsa tebur, ka zuba mata ido. Idan ta karkata tun ba ta tsaya ba, tebur ya jirkice, sai a sa ɗan katako ko kwali ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa. Gwada ta tsawo, ta faɗi da ta kusurwa. Buga ƙwallo a kowane kushin ka ji wanda ya mutu. Abin da bai gyaru ba, a sanar da kowa, kada ya zama sirrin 'yan gida.

Yawancin teburanmu na tokin ne, ƙwallon da ta shiga ba ta fitowa sai an sake biya. A gasa wannan matsala ce, domin akwai lokacin da doka ke cewa a mayar da baƙa ko a sake jeri. Yi ciniki da mai tebur a kan kuɗin yini guda, ya buɗe akwatin ƙwallaye ya bar shi a buɗe. Ya fi arha ma: karawa 15 da kowacce za ta iya kai gem 5 tokin 75 ke nan.

Kayan da za ka tanada: alwatikar jeri wadda ba ta buɗe baki ba, alli aƙalla biyu a kowane tebur, burushi, tsumma busasshe, sandunan gida uku ko huɗu, sandar tallafi idan akwai, kujeru biyu na 'yan wasa, allo da maka, da fitilar caji. Mirgina kowace sanda a kan tebur, wadda ta yi rawa a ajiye ta. Iskar teku takan sa sanda ta yi danƙo a hannu, musamman da damina, mutane su yi ta barbaɗa hoda har kyallen tebur ya yi fari. A ajiye hodar nesa da tebur, wanda ya shafa ya kakkaɓe hannunsa kafin ya dafa.

4. Ƙuri'a a gaban kowa

Nan na taɓa yin kuskuren da har yau ake tsokana ta da shi. Mutum 15 suka biya, na zauna da dare a ɗaki na zana jadawali ni kaɗai. Gurbi ɗaya ya zama babu abokin karawa, sai ya faɗa kan ɗan yayata. Wallahi ban lura ba sai da safe. Wani dattijo da ke zama a bes ɗin ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce, "Malam, alƙalamin naka ya san dangi." Aka yi dariya, amma gasar ba ta yi armashi ba, yaron ma bai ji daɗin wasansa ba.

Yanzu ga yadda muke yi. A rubuta sunaye a ƙananan takardu masu girma ɗaya, a nannaɗe, a zuba cikin hula, a kira yaro ƙarami wanda ba shi da kowa a gasar ya riƙa zarowa. Suna na farko gurbi na 1, na biyu gurbi na 2, har a gama, wani kuma na ɗaukar bidiyo. Idan mutum 12 ne a jadawalin 16, gurabe 4 za su wuce zagayen farko ba bugu, su ma ƙuri'a ce za ta fitar da su.

Sai lissafin lokaci. Tsarin faɗuwa ɗaya ka fita, mutum 16, karawa 15 ne. Tsarin sai ka faɗi sau biyu, karawa 30 ko 31. Idan wanda ya riga cin gem 3 shi ya ci karawa, a teburanmu ina ware wa kowace karawa minti 40. Karawa 15 awa 10 ke nan a tebur ɗaya. Ko dai ka nemi tebur biyu, ko ka raba gasar kwana biyu. Magariba a Akkra wajen ƙarfe shida take faɗawa duk shekara, don haka ka sa hutun salla cikin jadawali, kuma kada a fara sabon gem idan saura minti biyar a kira salla.

Hattara: dokar latti a rubuce. Mu minti 10 bayan kiran suna an ci ka gem ɗaya, minti 20 an ci ka karawa. Cunkoson hanyar Madina kowa ya san da shi, sai a fito da wuri.

5. Naɗa alƙali

Wanda ba ya bugawa, ba shi da ƙane ko yaron shago a gasar, kuma ya karanta takardar dokar har ya iya ta da ka. Ba sai ya fi kowa iya wasa ba. Abin da ake nema shi ne ido da kuma muryar da in ta ce "fawul" ba ta rawa. Idan gasar tsakanin bes biyu ce, a ɗauko shi daga na uku. Sama da shi a sa mutum ɗaya, shugaban gasa, wanda ake kai wa ƙara a kan fassarar doka. Abin da ido ya gani na alƙali ne, ma'anar doka ta shugaba ce.

Idan tebur biyu ne alƙali ɗaya, wanda ke zaune cikin 'yan wasa shi ne idon teburinsa, alƙali kuma yana tsakiya ana kiran sa.

6. Taron minti goma

Kafin a fara, a tara kowa a karanta takardar da ƙarfi, da Hausa, sannan da Turanci ko Tuwi saboda abokanmu da ba sa jin Hausa. A tambaya ko akwai mai tambaya. Wanda ya yi shiru ya yarda.

7. Wa zai fasa, wa zai jera

Jefa kwabo ya halatta, amma gwajin kusanci ya fi adalci don hannu ne ke yanke shi. Kowa ya ɗauki ƙwallo ɗaya, su tsaya bayan layi, ɗaya hagu ɗaya dama, su buga kusan tare zuwa kushin na can ƙarshe. Wanda tasa ta dawo ta tsaya mafi kusa da kushin na wajensu shi zai zaɓi mai fasawa. Wadda ta taɓa kushin na gefe, ta faɗa rami ko ta tsallaka ɓangaren abokin karawa ta lalace. Daga nan a riƙa fasawa bi da bi, don in mai ci ne ke ci gaba da fasawa, gwani zai iya gama karawa ɗayan bai tashi daga kujera ba.

Jeri kuwa, ƙwallon gaba a kan ɗigon da ke jikin tebur, baƙa a tsakiya, kusurwoyin baya biyu ɗaya babba ɗaya ƙarama. Alƙali ne ya kamata ya jera. Idan babu shi, abokin karawa ya jera, mai fasawa ya zo ya duba da ido ba tare da ya taɓa ba, yana da damar cewa a sake.

Hattara: sakin jeri cuta ce da ba ta da ƙara. Mai jeri ya bar ɗan tsaga tsakanin ƙwallayen gaba, ka fasa da ƙarfinka su ƙi watsewa. Kowa ya jera wa ɗan'uwansa irin jerin da yake so a yi masa. A WPA, idan ba abin da ya shiga rami, sai ƙwallaye huɗu sun taɓa kushin kafin fasawa ta halatta.

8. Idan kai ke kan tebur

Kira ƙwallo da rami duk lokacin da bugun ba a bayyane yake ba: ta kushin, haɗin ƙwallo biyu, ko wanda rami biyu ke kusa. A kan baƙa kuwa ka nuna ramin da kan sanda, ka jira alƙali ko abokin karawa ya gyaɗa kai. Daƙiƙa biyu ne, amma sun kashe rigima fiye da kowace doka. Ƙafa ɗaya a ƙasa ko yaushe. Kada ka buga ƙwallaye na motsi. Kada ka ajiye alli a bakin tebur ko ka dangwala yawu a kushin don ya nuna maka inda za ka nufa, sa alama a tebur laifi ne.

Kada ka ja lokaci. A gasar Mosconi Cup da ake yi tsakanin Turai da Amurka tun 1994, daƙiƙa 30 ake ba ɗan wasa ya buga. Mu ba ma sa agogo sai an yi ƙorafi, sannan alƙali ya buɗe agogon waya, minti ɗaya ga kowane bugu, ga su biyun duka.

Sai babbar magana: faɗin fawul ɗinka da bakinka. Akwai fawul da duk duniya kai kaɗai ka sani, kamar kan sanda ya ɗan shafi fara kana gwaji, ko yatsa ya goga ƙwallo ta bayan hannunka. Na ga wani yaro, bai fi shekara 17 ba, ana 2 da 2, saura masa ƙwallo ɗaya da baƙa. Ya kwanta a tebur zai miƙa, sai ya miƙe tsaye ya ja baya. Ya kalli abokin karawarsa, wanda ya girme shi da kusan shekara goma, ya ce, "Yaya, rigata ta taɓa sha ɗaya. Ɗauki fara." Alƙali yana ɗaya gefen, bai gani ba. Ni ma ban gani ba. Ƙwallon ba ta matsa ko faɗin ƙwayar shinkafa ba. Babban ya tsaya jim, ya ɗauki fara, ya share tebur. Abokan yaron suka yi ta yi masa faɗa a waje. A zagaye na gaba, shi wannan babban ya buga fara sau biyu a bugu ɗaya, kafin alƙali ya buɗe baki ya riga ya ɗaga hannu ya koma kujera.

Yadda ake yi ke nan: ka miƙe, ka faɗa, ka bar fara inda take har sai ta tsaya, ka koma ka zauna. Kada ka tare ta da hannu ko da ka ga rami za ta.

9. Idan kai ke zaune

Zauna a kujerarka, sanda a jingine, waya a aljihu. Wannan ya fi bugu wuya ga wasu.

Dabarun ɗauke hankali mun san su duka. Tsayawa daidai saitin ramin da mutum ke nufa. Tari ko ƙarar alli daidai lokacin da zai saki sanda. "Cale, wannan ai mai sauƙi ce." Tashi a ɗauki alli daga bakin tebur mutum na kwance. Amsa waya da ƙarfi. Dokar WPA ta sa ɗauke hankalin abokin karawa a jerin halayen da ake hukuntawa, tare da matsar da ƙwallo da gangan, ci gaba da bugu bayan an kira fawul, da yin atisaye ana tsakiyar karawa.

Idan ka ga fawul, faɗa nan take, da murya ɗaya, ba ihu. A doka, fawul ɗin da ba a kira ba har aka yi bugu na gaba, an ɗauka bai faru ba. Kada ka adana shi sai ka ga gem ya juya maka baya.

Hattara ga masu sanda mai haɗi biyu: idan abokin karawarka na kan tebur a gem ɗin da zai ba shi nasara, ka fara kwance sandarka, a WPA ka sallama karawar ke nan. Ko ya ɓarar da baƙa, ya riga ya ci.

10. Bugu mai shakka, da gardama

Ka hango fara za ta ratsa tsakanin ƙwallonsa da taka, ba a san wadda za ta fara taɓawa ba? Tsayar da shi kafin ya kwanta: "Ɗan'uwa, dakata a kira alƙali." Dole ya jira. Haka idan fara ta kusa manne da ƙwallo, tazarar ba ta kai kaurin alli ba. Wanda ya buga irin wannan kai tsaye da sanda a kwance, kusan kullum sau biyu yake bugun fara. Alamar ita ce fara ta bi ƙwallon a guje kamar an ɗaure su tare. Idan kuma kana ganin ƙwallo ta manne da kushin, faɗa kafin bugu a duba, don wadda ba a ayyana ba ana ɗaukar ta ba ta manne ba.

Waya na taimakawa a nan. A kafa ta kusa da ƙwallayen, a ɗauka da tsarin tafiyar hawainiya. Gani ya kori ji. Amma a ɗauka da izinin alƙali kafin bugu. Bidiyon da wani ya ɗauka daga bayan taro, hannu na rawa, rigima yake ƙarawa.

Idan gardama ta riga ta tashi, ga jerin: kowa ya janye hannu daga tebur, a ɗauki hoton yadda ƙwallaye suke, mai ƙara ya yi magana, mai bugu ya yi magana, alƙali ya yanke. Ba a tambayar 'yan kallo, kowannensu da nasa gwanin. Idan alƙali bai gani ba, babu wata shaida sai "ya yi" da "ban yi ba", ƙa'idar WPA ita ce babu fawul. Idan ya gani amma ya kasa tantance wadda fara ta fara taɓawa, ana ɗauka halattacciyar ce. Mai zaune zai ji zafi, shi ya sa aka ba shi damar kiran alƙali tun kafin bugu.

Ƙwallon da ta tsaya a bakin rami daƙiƙa biyar sannan ta faɗa da kanta, mayar da ita ake yi. Idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ya faɗo ana tsakiyar gem, kowa ya tsaya inda yake, a kunna fitila, a ɗauki hoto. Idan wani ya bangaji tebur ƙwallaye suka watse, alƙali ya mayar da su yadda suke, in abin ya gagara a sake jeri, wanda ya fasa gem ɗin ya sake fasawa.

11. 'Yan kallo

Ja layi da alli a ƙasa, taku biyu daga tebur, kada kowa ya tsallaka. A yi tafi bayan bugu, a yi shiru lokacin bugu. Ba a ba ɗan wasa shawara, ko da Hausa, ko da Tuwi, ko da ido. Masu habaici kuwa, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, alƙali ma ya sani. Gargaɗi ɗaya, na biyu a raka mutum waje. Mai ataya ya kafa gawayinsa nesa, kofi ko ledar ruwa kada su hau bakin tebur.

12. Matakan hukunci

Rubuta su a ƙasan takardar doka: gargaɗi, sai fawul, sai asarar gem, sai asarar karawa, sai kora daga gasa ba mayar da kuɗi. Zagin iyaye, jifa da sanda, ɗaga hannu ko sayar da wasa ba sa bin layi, kai tsaye kora ne. Wahalar ita ce ranar da mai laifin gwanin bes ɗinku ne ko ƙanen wanda ya ba da kyauta. Ka gaya wa Alhajin tun ranar da ka karɓi kuɗinsa cewa doka za ta hau kan kowa, in bai yarda ba ka mayar masa da abinsa.

13. Rufe karawa, rufe gasa

Kada ka kwashe ƙwallaye ko ka ce "na ba ka" alhali mutum na kan baƙa, bar shi ya buga abinsa. Baƙa ta shiga, fara ta tsaya, sannan a tashi a yi musabaha. Wanda ya faɗi ya fara miƙa hannu, wanda ya ci ya rage murna har ɗan'uwansa ya bar wurin. In sa'a ce ta ba ka wata ƙwallo, ɗaga hannu ka nuna ka sani. Su biyun su je wurin allo tare a rubuta sakamako a gabansu.

Masu wasan ƙarshe sukan so su raba kyauta biyu saboda dare ya yi. In za a yarda da haka, a faɗa tun a taron farko, a yi a fili, kuma duk da haka a buga gem ɗin kofi da gaske.

A biya kyauta a daren, a gaban mutane, kafin kowa ya tafi neman tiro-tiro. In ta MoMo ce, mai karɓa ya nuna saƙon ya shigo. A karanta lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe, a tura hotonsa gurup. Sannan a goge tebur da burushi daga wajen fasawa zuwa ƙarshe, a ƙirga ƙwallaye 16 a hannun mai tebur, a tambaye shi ranar da teburin zai samu a wata mai zuwa.